Daminar da Sumayya Ta Ci Jarrabawa

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a tsakar gida ina gyaran takardun 'yan aji biyu, sai ƙanshin dafaffiyar tafasa ya taso daga gidan maƙwabta. Duk wanda ya tashi a Gummi ya san abin da ƙanshin nan yake faɗa: tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai iso ba. Hadari yana haɗowa ta gabas, iska ta tsaya cik. Na ajiye jan birona a kan cinya, hankalina ya koma wata damina, shekara goma da ɗoriya ke nan, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta.

A shekarar ruwa ya yi mana wasa. Ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka, sannan ya ɗauke har tsiron ya ƙone. Sai da aka sake shuka, wasu da hatsin da suka ɓoye don ci. Kafin a ga watan azumi rumbuna sun kai ƙasa. A gidanmu ba mu kwana da yunwa ba, tun da ina koyarwa, maigidana kuma yana da fadama, amma mun koyi auna komai da ido biyu.

Ina iya tuna yadda ranakun suke tafiya. Sahur ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, ranar da aka dace a bi shi da fura. Ana idar da sallar asuba maigidana da ƙannensa za su saɓa fartanya su nufi gona. Gayya suke yi da maƙwabta, yau a gonar wannan, gobe a ta wancan, don mai azumi ba ya iya noman yini shi kaɗai. A lokacin mutum yana iya tafiya gonar da ke can nesa da gari ba tare da ya waiwaya ba, wasu ma a can suke yini su dawo da magariba. Yanzu yawancin gonakin nan ciyawa ce ta cinye su. Kafin rana ta take suna dawowa, riguna sharkaf, leɓɓa sun bushe, su zube a zaure. Idan an yi ruwa rana kuma ta fito, ƙasa har tururi take yi, zufa ta riƙa bin bayanka kamar ana zuba maka ruwan ɗumi, ga yinin da tsawo kamar ba zai ƙare ba.

Ni kuma ina tafiya makarantar sakandaren 'yan mata inda nake koyar da Hausa, in dawo da azahar. Bayan la'asar matan layinmu muna haɗuwa a gidan Inna Tumba, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu da ita, domin turminta ya fi na kowa girma. Mu surfa gero tare, mu daka, kowa ta ɗebi nata ta je ta dama kunun tsamiya. Ƙosai sai Juma'a. Sauran ranaku kwaɗon tafasa ne ko na zogale da ƙuli-ƙuli.

A gidan Inna Tumba Sumayya take. Yarinya ce doguwa, mai kamar shekara goma sha huɗu, a Jidda aka haife ta. Watanni kaɗan kafin nan, lokacin da aka yi ta dawo da mutanenmu marasa takarda daga can, aka haɗo da ita da mahaifinta, Malam Sahabi. Uwarta tana aiki a gidan wasu Larabawa, kamen bai biya ta kanta ba, sai ta tsaya don ta riƙa aiko musu da abin da ya samu. Malam Sahabi kansa bai taɓa ganin Gummi ba sai wannan zuwan. Mahaifiyarsa ce 'yar garin, yayar Inna Tumba, wadda ta tafi aikin hajji tun tana amarya ba ta sake dawowa ba. Ita ta raini Sumayya, a bakinta kuma yarinyar ta koyi Hausa.

Saboda haka idan Sumayya ta buɗe baki sai ka rantse tsohuwa ce take magana. Abinci kalaci ne a wurinta, dubu kuma zambar. Tana gaida mutane da doguwar gaisuwar da 'yan matan yanzu suka daina yi, sannan a tsakiyar zance ta jefo kalmar Larabci ba ta ma sani ba. 'Yan ajinsu suka sa mata suna Kaka. Amma Hausar tata ta ɗaki ce da madafi, ta faɗa da rarrashi da addu'a. Ba ta san garma ba, ba ta san bambancin gero da dawa a tsaye ba, idan lissafi ya yi nisa da Larabci take ƙirgawa. Rubutun boko kuwa, ta dama take buɗe littafi, haruffanta manya-manya kamar na 'yar aji ɗaya a firamare. A can makarantar unguwa ta yi, inda komai da Larabci ne.

An sa ta aji biyu saboda shekarunta. A lissafi da darussan addini ba a kama ƙafarta. Turanci babu, wannan kowa ya sani. Abin da ya dame ni Hausa ce. Idan na karanta tambaya da baki, kafin kowa ya ɗaga hannu ta amsa. Karin magana in na fara ta, ita ke ƙarasawa. Amma zango biyu a jere takardarta tana dawowa kusan fara fat, domin kafin ta gama haɗa haruffan tambaya ta farko lokaci ya cika.

Dokar makarantar ita ce wadda ta faɗi Turanci da Hausa duka ba za ta wuce ba. Game da Sumayya kuma shugabar makaranta ta riga ta faɗa cewa idan hakan ta faru, firamare za a mayar da ita ta koyi baƙi daga tushe. Yarinyar ta ce wa Inna Tumba ba za ta zauna cikin ƙananan yara ba ko za a yanka ta. Ubanta, wanda yake fama da gonar aro da hannuwan da ba su saba da fartanya ba, ya ce shi ba shi da ƙarfin jayayya, in ta faɗi ta zauna gida.

Wata rana muna surfe Inna Tumba ta jira sauran mata suka watse, ta kama bakin zanena.

"Hajara, ke da kinka san takarda, hwaɗa min gaskiya. Ɗiyag ga ba ta da kai ne?"

Na ce mata kai kam tana da shi, har ya fi na wasu da yawa.

"To mi ag gardama? Hausa dai ita ta muke yi da ita kullum. Ko akwai wata wadda ban sani ba?"

Na ɗauki gerona na koma gida. Kwana kaɗan bayan haka na ga Sumayya riƙe da wayar ubanta tana rubuta wa uwarta saƙo, yatsunta suna gudu. Na leƙa na ga haruffan Larabci, amma da na karanta sai na ji Hausa: tana gaya mata an yi ruwa har ya shigo ɗaki. Babu wanda ya koya mata ajami, ita ta ƙago nata. Ni kuwa an koya mana shi a kwaleji. A nan tunanin ya zo mini.

Na kai maganar ga Malam Garba, shugaban sashenmu, dattijo mai tsare aiki wanda ya koyar da Hausa tun ina ɗaliba. Na ce ina so in auna yarinyar ta hanyar da abin da ta sani zai fito: a ji sauraronta, a ji maganarta, a bar ta ta yi rubutu da ajami, sannan a duba ɗan bokon da ta koya daban. Ya saurare ni yana jan carbi, idanunsa sun faɗa saboda azumi. Ya ce a kasuwa da mudu ɗaya ake auna wa kowa, in aka fara yi wa wata nata mudun, gobe kowace uwa za ta zo da nata. Ya ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai.

"Malama, jarrabawar aji uku daga Gusau take zuwa. Ba ta san ajami ba, ba ta jin magana. In kin ɗauke ta a baya bana, wa zai ɗauke ta baɗi?"

Na ce ina neman shekara guda ne kawai. In ta zauna a makaranta, zan koya mata boko kafin baɗin. In ta fita, shi ke nan. Na kuma ce takardar da muke ba ta ba Hausarta take aunawa ba, saurin karatun bokonta take aunawa, sannan mu rubuta cewa ta faɗi Hausa.

Shugabar makaranta ce ta raba mu. Ta ce babbar jarrabawa ba za a taɓa ta ba, takarda ɗaya ce ga kowa. Amma gwajin aji, wanda makinsa bai kai rabi ba, yana hannuna, in tsara shi yadda na ga dama, da sharaɗi biyu: dukan ajin za su yi shi iri ɗaya, kuma Malam Garba zai zauna ya ba da nasa makin.

Daga ranar, kullum bayan an gama daka Sumayya tana biyo ni gida. Ina dama kunu, ita tana tsince mini ganye, ina zana mata haruffa da gawayi a jikin bangon madafi. A wannan lokacin na yini kai ba ya ɗaukar komai, yunwa tana sa baƙaƙen su riƙa rawa a ido, amma shi kaɗai muke da shi. Wasula ne suka fi ba ta wahala. Baƙaƙe masu ƙugiya kuwa dariya suke ba ta, ta ce kamar an rataya musu guga. Da farko takan ba mu labarin yadda ake shimfiɗa ledoji a masallatan Jidda a zuba dabino da shinkafa da nama, kowa ya zo ya ci. Wata rana a gidansu tana cikin ba da labarin ta dubi fuskar Inna Tumba da kwanon tafasar da ke gabanta. Ba ta sake yin wannan hirar ba.

Ranar gwajin baki hadari ya taso tun da safe, gari ya yi duhu. Na karanta wa ajin ɗan labari na yi tambayoyi, suka rubuta amsa, kowa da rubutun da ta fi iyawa. Muna fara kiran su ɗaya-ɗaya don magana ruwan ya kece. A ƙarƙashin rufin kwano ko ihu ka yi ba a ji. Dole muka jawo kujerunmu tsakiyar aji inda ba ya yoyo, yaran suka kewaye mu, mai magana ta tsaya dab da mu. Batutuwan da na tanada su ne noman gero da ranar kasuwa da bikin suna, amma na ƙara ɗaya saboda ita: ba mu labarin wani mutum da kika sani.

Da aka zo kanta ta ɗan tsaya tana murza gefen hijabi, wata daga baya ta ce ga Kaka nan, aka yi dariya. Sai ta fara. Labarin kakarta ta ba mu: yadda ta bar Gummi da mijinta da jaki ɗaya, yadda suka yi shekaru a hanya suna tsayawa su yi ƙwadago su ƙara gaba, tsintar auduga a Sudan, ɗan farinta da ta binne a wani gari da ba ta ma riƙe sunansa ba, ranar da ta fara ganin teku ta ɗauka gulbi ne ya yi ambaliya. Ta ce har ta rasu kullum tana cewa baɗi za ta koma ta sha ruwan gulbin garinsu. Da muryar tsohuwar take faɗa, da kalmominta, har da inda take tsayawa ta ja numfashi. Ni dai na ji kamar kakata ce ta dawo, wadda ta rasu ina 'yar yarinya. Yaran suka matso har suna taka juna. Ta rufe da cewa:

"Ita ba ta dawo ba. Ni da ban taɓa cewa zan zo ba, ni anka kawo."

Babu wadda ta yi dariya. Ruwa yana ta dukan kwano. Malam Garba ya gyara zama ya yi mata tambayoyinsa kamar yadda ya yi wa kowa: jam'in wannan, kishiyar wancan, sunayen kayan noma. Wasu ta sani, kayan noman ta faɗi warwas, ya rage mata maki a nan. Ranar ce kuma na fara jin muryar wata Bafulatana da ke zama a ƙarshen aji, wadda duk shekarar ban san tana da baki haka ba. Da muka fito muna tsallake kwatami, Malam Garba ya ce mini Hausa kam yarinyar tana da ita, amma maganarsa tana nan.

A babbar jarrabawa ta amsa tambayoyi kaɗan, da haruffanta manya. Da aka haɗa da makin gwajin aji sai ta haye da ƙyar. Ana saura kwana kaɗan salla na shiga gidansu na faɗa musu. Inna Tumba ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya. Sumayya ta karɓi wayar ubanta ta kira Jidda, ta yi ta zuba Larabci tana kuka tana dariya, abin da na tsinta a ciki da Hausa shi ne "na ci". Muka yi alkawari duk tsawon babban hutu za mu zauna a kan boko safe da yamma, da zarar azumi ya wuce.

Ba mu yi nisa ba. Bayan salla sama ta buɗe, ruwan da aka yi ta roƙo ya zo gaba ɗaya. Yini da kwana ana yi, itace ya jiƙe, tufafi ba sa bushewa, ko'ina warin danshi. Gulbi ya cika ya tumbatsa ya haye fadama. Maigidana ya je ya tsaya a kan tudu yana kallon inda shinkafarsa take, ba abin da ake gani sai ruwa ja. Katangun laka suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin Inna Tumba ya faɗi da rana tsaka, Allah ya sa suna waje. Suka dawo zaurenmu da abin da aka iya tonowa. Sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yarana biyu, bangon madafin da muke rubutu a jikinsa ma ya tsage ya zauna. Babu wanda ya sake tuna haruffa.

Gonar aron Malam Sahabi tana cikin waɗanda ruwa ya tafi da su. Ya ji ana samun aiki wajen masu haƙar zinariya a ƙasar Anka, ya ce can zai gwada. Ɗan Inna Tumba ya zo ya tafi da uwarsa Bukkuyum, inda shi ma ɗaki ɗaya gare shi da iyalinsa. Na roƙi Malam Sahabi ya bar mini Sumayya ta zauna a wurina. Ya yi godiya sosai, ya ce uwarta tana wata ƙasa, in ya bar ta nan ya zama ba shi da kowa, ita ma haka. Ban ga laifinsa ba. Ranar tafiyarsu da safe na raka su tasha, na ba ta littafin koyon karatu na 'yan firamare. Ta ce za ta nemi makaranta a can.

Na aika wa wata malama da na sani a Anka da bayaninta. Bayan an koma hutu ta aiko mini da yadda aka yi. Sumayya ta je, an ba ta takarda da biro a ofis kamar yadda ake yi wa duk baƙuwar ɗaliba, aka duba, aka ce firamare. Malamar ta yi magana, aka ce mata ga abin da takarda ta nuna. Yarinyar ba ta koma ba. Da na gaya wa Malam Garba sai ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Shi da kansa ya sa muka ci gaba da gwajin baki shekara biyu. Daga baya ya yi ritaya, ɗalibai suka ninka saboda mutanen ƙauyuka da suka gudo cikin gari, aji ɗaya ya koma ba wurin sa ƙafa. Ba wanda ya hana mu, abin ne ya mutu da kansa.

Sau ɗaya na sake ganin ta, bayan wasu shekaru. Ina dawowa daga Gusau motarmu ta tsaya faci a Anka. Ina tsaye a inuwa wata mata da goyo ta zo ta durƙusa ta gaishe ni. Sai da ta yi murmushi na gane ta. Ta yi aure, mijinta tela ne, tana koya wa matan unguwarsu karatun Alƙur'ani a gida. Ubanta yana nan, uwarta har lokacin ba ta dawo ba. Hausarta ta koma irin ta kowa, ban ji kalaci ba, ban ji zambar ba. Na tambaye ta boko. Ta yi dariya ta ce sunanta dai tana rubutawa, in an je asibiti kuma mijinta ke karanta mata.

Wata tsohuwa ta ƙaraso, uwar mijinta ce, tana tambayar wace ce baƙuwar. Sumayya ta kama hannuna.

"Inna, wagga ita ce malamar da nac ci jarrabawarta."

Tsohuwar ta ce wace jarrabawa ke nan.

"Guda ɗai ce ai," in ji Sumayya.

Direba ya fara danna oda, yana cewa mu yi sauri kada la'asar ta same mu a hanya. Ta ruga ta sayo mini fura a leda ta miƙo ta taga. Har motar ta sha kwana tana tsaye a wurin, tana jijjiga goyonta.